Hadda Ko Kati? Martani Daga Ƙarshen Zauren Rawa A Amurka

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da ma'aikatanka, ina roƙon ɗan fili in tofa albarkacin bakina a kan sharhin da ya fito a shafinku na al'adun ƙasashen waje, inda marubucin ya yi wa masu kiran rawar gargajiya na Amurka shaguɓe, wai ina gargajiya a wurin mutumin da sai ya riƙe takarda kafin ya gaya wa jama'a inda za su sa ƙafa. Maganarsa ba ta rasa ƙamshin gaskiya ba, kuma ko a nan akwai masu ra'ayinsa, har cikin 'yan sana'ar. Sai dai ya haɗe abubuwa biyu wuri guda. Riƙe kati, wato takardar da aka rubuta jerin motsin rawa a kai, daban, karanta kati ana cikin kiɗa daban, kuma na biyun ne ke ɓata wa mutane dare.

Ni dai ba ɗan rawa ba ne, ba kuma talla na zo yi mata ba. Ina zaune a jihar Massachusetts, sana'ata kayan sauti. Ni ake ɗauka in kafa lasifika da makirufo a zaurukan gari da na makarantu, in koma can ƙarshen zaure in zauna gaban na'urata ina daidaita muryar mai kira da kiɗan makaɗa har a tashi. Daga wannan kujera mutum na ganin fuskar mai kira a kan dandamali, yana kuma ganin abin da maganarsa ke haifarwa a ƙasa. Na daɗe ina wannan kallo, shi ne kuma hujjata.

Cikin raye-rayen gargajiya da aka fi yi a nan arewa maso gabashin Amurka akwai kwantira. Mutane kan jeru bibbiyu a dogayen layuka, kowane biyu suna fuskantar wasu biyu, su zama huɗu. Makaɗa, galibi da gogen Turawa da fiyano, wani lokaci har da akodiyon ko jita, suna kaɗa take mai taku 64 cif. An kasa shi huɗu, kowane kashi taku 16, ana ce musu A1, A2, B1 da B2. Cikin takun nan 64 mutanen huɗu za su bi wani jerin motsi: su zagaya cikin da'ira, su haɗa hannu a tsakiya, su ratsa juna, kowa ya juya abokin rawarsa. Da an kai ƙarshe, biyu su matsa saman layi, biyu su matsa ƙasansa, kowa ya sami sababbin maƙwabta, a sake daga farko. Zagaye ɗaya kusan rabin minti ne, akan yi ta maimaitawa har wajen minti takwas ko goma. A dare ɗaya akan yi raye-raye goma zuwa sha biyu, kowace da nata jerin.

Ba a sa ran wanda ya shigo ya san ko ɗaya daga ciki. Mai kira ne zai fara bi da su a hankali ba kiɗa, sau ɗaya ko biyu, sa'an nan ya ɗaga wa makaɗa hannu, ya riƙa faɗin kowane motsi ta makirufo. Wahalar tana wajen lokaci. Dole kalmarsa ta ƙare kafin motsin ya fara, wato cikin taku biyu ko huɗu na ƙarshen motsin da ake ciki. In ya faɗa daidai lokacin da ya kamata a fara, ya makara. Kiɗan kuwa kusan taku biyu yake ci a sakan ɗaya. To a lissafa: mutum ya sunkuyar da kai, ya nemo layin da yake so a kati, ya karanta, ya ɗago. Ko da mai saurin ido ne, sakan biyu sun tafi, taku huɗu ke nan, su ne kuma takun da ya kamata a ce yana magana a cikinsu.

A nan marubucinku yake da gaskiya. Ni nakan gane mai karatu ko idona a rufe yake. Da ya sunkuya, bakinsa ya bar makirufo, murya ta dushe, in ƙara mata ƙarfi. Da ya ɗago sai ta fashe a lasifika, in rage. Haka za mu yi ta yi, ni da shi, har a tashi. Wannan ma mai sauƙi ne. Babbar ɓarnar tana ƙarshen layi, kusa da inda nake zaune, domin nan baƙi ke taruwa, kunya ba ta barin su matsa gaba. Mutum ɗaya ya juya hagu maimakon dama, su huɗun su rikice, a zagaye na gaba biyu su kai ruɗanin sama, biyu su kai shi ƙasa, huɗu sun zama takwas. Mai kiran da idonsa ke kan fili zai hango tun da wuri, ya ƙara kalma ɗaya ko biyu, ya ce kowa ya nemi abokinsa ya juya shi, a dawo hanya. Wanda ke karatu ba zai sani ba sai rabin layi ya tsaya cirko-cirko. Na sha ganin haka, abin takaicin kuma shi ne duk kalmar da ya karanta daidai ce.

Amma a ce takarda ta saɓa wa gargajiya, wannan tarihi bai yarda ba. Kakar kwantira, wato rawar ƙauye ta Ingila, da takarda ta tsira. A 1651 wani mai buga littattafai a Landan, John Playford, ya fitar da littafi mai ɗauke da raye-raye 105, kowace da kiɗanta da bayanin motsinta, aka yi ta sake buga shi da ƙari har wajen 1728. Daga baya aka daina yin yawancinsu. Da Cecil Sharp, wani Baturen Ingila mai binciken kiɗa da rawar gargajiya, ya tashi farfaɗo da su a farkon ƙarni na 20, waɗannan shafuka ya zauna ya warware, domin ba sauran mai rai da ya taɓa ganin yawancinsu a fili. Shi ne ya kafa ƙungiyar raye-rayen gargajiya ta Ingila a 1911, reshenta na Amurka ya biyo baya a 1915.

Shi kansa kiran ma daga baya ya zo. A Turai masu rawa ne ke hadda: ɗan masu hali a kai shi wurin malamin rawa ya koyi jerin kowace, ranar biki ba mai gaya masa komai. A Amurka aka fara faɗin motsi da baki ana cikin kiɗa, kuma binciken Phil Jamison da ya fito a 2015 ya nuna cewa bayanai mafi tsufa a kan masu kira, makaɗa baƙar fata suke ambata. Wani mai zanen gine-gine, Benjamin Latrobe, ya halarci wata liyafa a New Orleans a 1819, ya rubuta yana ƙorafi a kan wani baƙar fata cikin makaɗa da ke ta ƙwala sunan kowane motsi. Abin da ya ishi Latrobe shi ne ya buɗe wa talaka ƙofa, wanda ba shi da kuɗin malamin rawa shi ma ya shiga fili. An sauke nauyin hadda daga kan mutum ɗari an ɗora wa mutum ɗaya.

A da kan mutum ɗaya yana ɗauka. A zamanin da mai kira Ralph Page na jihar New Hampshire yake tashe, wanda ya rayu daga 1903 zuwa 1985, raye-rayen da ke yawo a garuruwan yankin ba su da yawa, su ake ta maimaitawa, irin su Chorus Jig da Petronella da Money Musk, har jama'a sun san su ciki da bai. Dudley Laufman, wanda gwamnatin Amurka ta karrama a 2009 saboda wannan aiki, yana kira ne yana kaɗa akodiyon ko goge, to da wane hannu zai riƙe kati? Masu kafa hujja da waɗannan dattawa sun manta cewa hanyar da irin su Ted Sannella na Boston suka share, ta tsara sababbin raye-raye inda kowa ke motsi ba mai tsayuwa, ta cika da mabiya tun daga shekarun 1970. Yau adadin ya kai dubbai, masu zuwa kowane mako kuma ba sa son a maimaita musu ta makon jiya.

Kamannin ma ya fi yawan haɗari. Dubban nan duk da 'yan motsi kaɗan aka gina su. Sai ka sami rawa biyu da suka yi daidai a A1 da A2 da B2, bambancinsu kawai a B1: a wannan a zagaya da'ira gaba ɗaya, a waccan kashi uku cikin huɗu. Kama da wane ba ta wane. Wanda ya ɗauko na wannan ya saka a waccan zai bar kowa a gefen da ba nasa ba. Akwai wani dattijo, gwani ne na gaske, da ke alfaharin bai taɓa hawa dandamali da takarda ba. Rannan ya bi da mutane fiye da ɗari har ƙarshen jeri, sai ga kowa ya dawo gaban waɗanda ya fara da su, ba sababbin maƙwabta. Ya sake, haka dai. Makaɗa sun jingine kayansu, jama'a na tsaye, shi kuma yana lissafi da yatsu a tafin hannunsa. Can sai wata yarinya cikin masu koyon kira ta miƙo masa katinta. Ya duba sau ɗaya, ya mayar mata, ya kira rawar ba ko tuntuɓe. An ɓata wa mutum ɗari wajen minti biyar a kan abin da kallo ɗaya ya gyara.

Katin ɗan ƙarami ne, inci uku da biyar, ko huɗu da shida. A sama sunan rawar da na wanda ya tsara ta, domin al'ada ce mai kira ya ambaci mai ita, haƙƙin da hadda ke saurin zubarwa. Sai yadda za a tsaya, sai layi huɗu na A1 zuwa B2 da adadin takun kowane motsi. Abin da ya fi daraja kuwa yana gefe da baya, da fensir: inda baƙi suka saba rikicewa, kalmar da ta yi aiki da wadda ta ruɗa mutane, irin kiɗan da za a roƙi makaɗa, mai santsi ko mai tsalle, da ranar da aka kira ta a wane zaure don kada a maimaita.

Waɗanda na fi jin daɗin aiki da su hanyarsu kusan ɗaya ce. Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun a gida suke zaɓen raye-rayen daren, su bi kowace a kan tebur da tsabar kuɗi ko murafen kwalba a madadin mutane, har sai sun san inda kowa yake a ƙarshen kowane kashi. A zaure, yayin da ake jeruwa, su duba katin na 'yan sakanni, sa'an nan hannun ya sauka gefen cinya, ko katin ya koma aljihun riga. Haddarsu ta minti goma ce, ta rawar da ke gabansu kawai, da ta wuce su sake ta su ɗauki ta gaba. Abin da suke riƙewa kuma siffar rawar ce: wa ke kusa da wa, hannun wa ke sake, ina za a fuskanta. Shi ya sa in wata kalma ba ta shiga kunnen jama'a ba, nan take su canza ta da wata. Mai haddar kalma zalla irin ta aku ba ya iya wannan, kuma a wurina bai fi mai karatu ba, don idonsa a buɗe yake amma cikin kansa yake kallo. Bayan zagaye uku ko huɗu gwani yakan fara rage magana, jimla ta koma kalma ɗaya, daga nan ya yi shiru ya bar mutane da kiɗa, ba zai sake buɗe baki ba sai ya hango wani layi na neman karkacewa. Ido ne ke gaya masa lokacin yin shirun nan, ido ne kuma ke gaya masa mutane sun fara gajiya, ya juya ya ɗaga wa makaɗa yatsu biyu, alamar saura zagaye biyu.

Akwai kuma daren da shiri ke rushewa. An tsara masu sarƙaƙiya don gwanaye, sai ga ɗaliban jami'a cike da mota sun shigo, ba wanda ya taɓa yi a cikinsu. Wanda ya haddace sha biyunsa kawai ya shiga uku. Mai akwatin kati ya juya baya, ya zaro masu sauƙi, a ci gaba.

Yanzu matasa sun koma waya da kwamfutar hannu, ba na ganin laifinsu, neman rawa a ciki ya fi sauri. Amma na sha ganin allo ya mutu ana tsakiyar bita, mai kira na ta dangwala yatsa, haskensa kuma ya fi takarda jan ido. Wasu ma sukan ajiye wayar a kan igiyoyin sauti ta riƙa sa ƙara a lasifika, amma wannan kukana ne na mai kayan sauti.

Ba kuma duk kira ne iri ɗaya ba. A rawar sukwaya ta zamani, wadda mutum takwas ke yi a murabba'i, ƙungiyar masu kira ta CALLERLAB, da ta yi babban taronta na farko a 1974, ta daidaita sunayen motsi. Masu rawa kan yi watanni suna koyon motsi masu yawa, amma ba su san jerin da za a kira musu ba, mai kira ne ke haɗa shi nan take. Abin da gwanayensu ke taƙama da shi shi ne mutum ya riƙe fuskokin huɗu daga cikin takwas na murabba'i ɗaya, ya yi ta cakuɗa su, sa'an nan ya mayar da kowa wurin abokinsa da kallo kawai. A can karatu aibi ne na gaske. A Sikotland kuwa, a manyan bukukuwan ƙungiyar rawar gargajiya da Jean Milligan da Ysobel Stewart suka kafa a Glasgow a 1923, ba a kira ana cikin kiɗa. Akan raba jerin raye-rayen tun kafin ranar, a yi gajeriyar tunatarwa kafin kowace, takardar tana aljihun masu rawa ne. A rawar Ingila irin ta Playford, kowace da kiɗanta, tsawonsu ba ɗaya ba, babu 64 ɗin da za ka jingina da shi, don haka ban taɓa raina wanda ya ajiye katinsa a gabansa ba.

Inda nake bayan hadda ɗari bisa ɗari shi ne bikin aure da taron yara a makaranta. A nan mai kira ba ya tsayawa a dandamali. Nakan maƙala masa makirufo marar igiya a kai, ya sauka cikin mutane, ya kama hannun wannan, ya juya wancan, ya nuna da jikinsa, hannu biyu duk suna aiki. Raye-rayen masu sauƙi ne, irin su Virginia Reel. Wanda ba shi da irin waɗannan biyar ko shida a ka bai kamata ya karɓi kuɗin biki ba.

Masu koyo ne suka sa na damu har na rubuto. Yawancin masu kira ba da wannan suke ci ba; malaman makaranta ne, ma'aikatan jinya, masu ritaya, abin da ake ba su wani lokaci ko kuɗin mai bai kai ba. Matashin da aka ba rawa ɗaya ya gwada, jikinsa na ɓari, in aka ce masa kati abin kunya ne, ko dai ya hau ba kati ya kife, ko ya fasa hawa gaba ɗaya. Gara ya hau da shi, ya rubuta da manyan baƙaƙe, kalma uku-uku a layi, babban yatsa a kan layin da ake ciki, don in ya duba kada ya tsaya nema. Da kansa zai ga duban na raguwa. Wanda ya cancanci faɗa shi ne wanda ya shekara biyar yana kira amma har a tashi ba zai iya faɗin launin rigar kowa a zaure ba.

A watan Afrilu akan yi babban bikin raye-raye da kaɗe-kaɗen gargajiya na yankin New England a nan Massachusetts, wanda aka fara tun 1944. Cikin abubuwan da gwanayen masu rawa ke rububin shiga akwai wanda ake jera raye-raye daban-daban a haɗe, ba bita, ba tsayawar kiɗa: a yi wannan 'yan zagaye, sai a faɗa cikin wata, wani lokaci ma makirufo ya koma hannun wani mai kiran. Ɗaruruwan mutane ne a fili, makarar taku huɗu ta isa ta watsa su. Waɗanda ake ba wannan aiki zaɓaɓɓu ne, kuma duk waɗanda na gani da katunansu a jere a hannu suka hau, mai jiran nasa zagayen yana gefe yana motsa leɓe yana bita.

Na gode da ba ni wannan fili. Allah ya ƙara wa jaridarku albarka.

Naku,
Mai karatunku daga jihar Massachusetts, Amurka